Haula Mai Bin Shirwa

A Dakoro, duk wanda ya ga mace tsaye a kan tudun bayan gari da la'asar sakaliya, ta kare goshi da tafin hannu ta ɗaga kai sama, ba ya tambayar ko wace ce. Haula ce, matar Ɗayyabu mai kaji. Baƙo ne kaɗai kan tsaya ya ɗaga nasa kan don ya ga abin da take kallo. In ya ga ba komai sai shirwoyi suna shawagi, sai ya yi tsaki ya kama gabansa. Ita kuwa a cikin wannan shawagi take gane inda ƙafarta za ta nufa gobe da asuba.

Sana'arta fara. Wanda bai sani ba ya ɗauka kamun fara wasan yara ne, to ya je ya gwada da rana tsaka ya ga yadda za ta mai da shi mahaukaci a gonar mutane. Fara da rana ba ta kamuwa. Sai yamma ta yi take sauka ta lafe a jikin sabara da kalgo da karan gero, ta kwana nan. Da sanyin asuba raɓa ta jiƙa mata fukafukai, jikinta ya sandare, sai a bi a tsince ta kamar ana ɗiban kuɓewa. Tsintar ba wuya. Wuyar ita ce sanin inda ta kwana, don daji da faɗi, kuma fara ba ta aiko da sallahu. Mace na iya shan karangiya tun daga asuba har hantsi ta dawo da abin da bai rufe gindin ƙwarya ba.

Haula ba ta taɓa shan wannan wahala ba, don tun tana ƴar shekara goma gwaggonta ta kama mata haɓa ta ɗaga sama ta ce, “Bar duban ƙasa, ɗiyata. Mai neman hwara sama yaka duba.” Shirwa ita ma fara take bi da kaka. Inda ta taru da la'asar tana sauka tana tashi, tana cafe abu da ƙafa tana kai wa baki ba tare da ta sauka ƙasa ba, nan fara take shirin kwana. Abin da gwaggo ta ba ta ke nan, sauran ita ta ƙaro da idonta cikin shekara arba'in da wani abu.

Ta san tsuntsayen sama ɗaya bayan ɗaya, kuma kowanne da matsayinsa a wurinta. Shaho ba ta ba shi amana. Shi kibiya ne, ya faɗo ya ɗauki kurciya ya wuce, ba ruwansa da fara sai in yunwa ta ci ƙarfinsa. Gaggafa, mai guntun bindi da ke karkata hagu da dama can ƙololuwa, ta ce sarauniya ce, kallo kawai ake yi mata, ba a tambayarta hanya. Ungulu kuwa ta yi wuyar gani yanzu, har Haula kan yi kewar munin nata. Amma shirwa, mai wutsiya a tsage da kukan nan nata siriri mai karkarwa, ita ce ƙawa. In ta yi sama sosai tana zagaye a hankali, iska take sha, kada a bi ta. In ta yi ƙasa-ƙasa tana juya wutsiya tana kuka, to abinci ta gani.

Da haka mata suka riƙa bin Haula. Da fari maƙwabciyarta Uwale ce kaɗai, mace mai baki kamar reza da zuciya kamar man shanu. Daga baya suka zama goma sha biyu har da ita. Kullum da magariba sai su leƙo ta kan danga su ce, “Inna Haula, ina munka nuhwa gobe?” Ita kuma ta ce hanyar Korahane, ko bayan rijiyar makiyaya, ko kwarin da ke gabas. Da an sallame sallar asuba sai su fita a jere da buhunansu. Kafin rana ta yi zafi sun dawo, an ɗora tukunyar ruwan gishiri, an zuba fara ta yi ja, an shanya a tabarma. Kwana biyu ta bushe, a karkaɗe fukafukai, a soya da mai da yaji da ɗan garin ƙuli. Ranar kasuwa har direbobin Maraɗi sukan aiko a ajiye musu ta Haula. Abin da take taƙama da shi ba yawan ciniki ba ne. Takan ce tun da ta fara, ba wanda ya taɓa cin fararta ya riƙe ciki.

Gidan nata kuwa, Allah da ikonsa ya haɗa mai son shirwa da mai kiwon kaji a inuwa ɗaya. Ɗayyabu mutum ne dogo, mai sanyin tafiya, ba ya faɗa da kowa a duniya sai shirwa. Ba dabarar da bai yi ba. Ya rataya fasasshen madubi a bishiyar bedi. Ya kafa mutum-mutumi da tsohuwar rigarsa, shirwa ta zo ta sauka a kansa ta huta. Ya taɓa rina ƴan tsaki da shuɗi wai don ta kasa gane su, suka yi sati suna yawo kamar an tsamo su daga marina, shirwa ta ɗauki biyu a shuɗensu. Duk ranar da ta kawo sura ta yi sama da ɗan tsako, sai ya fito da gudu yana jifa da takalmi, Haula kuma ta riƙe ciki tana dariya har da hawaye.

“Ƴar'uwarki ta sake yi mini sata,” zai ce.

“Ladan aikinta ta ɗauka, Malam. Kai mi ka taɓa nuna mini a daji?”

“Allah shi isa tsakanina da danginku.”

“Amin. Ka ɗauko takalminka, ga shi can kan rumbu.”

Haka suka tsufa. Sun aurar da ƴaƴa mata uku, ɗansu Salihu yana gyaran babur a Maraɗi. Ba su yi arziki ba, ba su kuma kwana da yunwa ba sai a shekarun da kowa ya kwana da ita. In ka tambayi Haula me ya rage mata a duniya, sai ta ce Allah ya kai ta wata kakar.

To, shekara uku da suka wuce, gaggafa ta ɓace mata. Ta ɗauka tsuntsuwar ce ta yi ƙaura, sai ta ji wani makiyayi a gefenta yana cewa ga gaggafa can. Ta duba, ta duba, ba ta ga komai ba sai fari. Da damina ta zagayo, shaho ya bi sahu. Daga nan tsagin wutsiyar shirwa ya haɗe, shirwar ta zama ɗigo, ɗigon ya narke. Yanar ido ce ta rufe mata gani a hankali, kamar an shafa koko a gilashi. Na kusa tana gani dishi-dishi. Tana gane mutum da tafiyarsa da muryarsa, tana tsintar fara da hannu fiye da masu ido, don yatsunta sun san sabara reshe-reshe. Sama ce kaɗai ta rufe mata ƙofa.

Ba ta gaya wa kowa ba. Tsoro ta ji, kuma ba tsoron makanta ba. Ta san ranar da maganar ta fita, Salihu zai bugo waya ya ce Inna ta huta haka nan, matan su riƙa yi mata sannu da murya ƙasa-ƙasa, a shimfiɗa mata tabarma a gindin bedi a ce ta riƙa kora kaji daga shanya. Ita da ake leƙowa ta kan danga a tambaye ta hanya! Ta gwammace kowace irin wahala da wannan tabarma. Saboda haka kullum la'asar sai ta hau tudunta kamar yadda ta saba, ta kare goshi, ta ɗaga kai, ta tsaya kallon abin da ba ta gani.

Abin da ya rufa mata asiri bakin Ɗayyabu ne. Mutumin da ya tsani shirwa ba ya rasa sanin inda take. Kullum in ya dawo daga masallaci gab da magariba, yana cire takalmi yana mita.

“Ga danginki can sun yi taro bisa hanyar Korahane, wajen gawon nan biyu. Sun hi talatin. Ƙasa-ƙasa suke, ɓarayin banza, Allah shi tsare mini kajina.”

Haula takan taɓe baki ta ce, “Na gan su tun ɗazu.” In matan sun leƙo, sai ta ce hanyar Korahane, wajen gawo biyu. A ranta tana yi wa kanta kirari, wai ta mai da tsoho ɗan aike bai sani ba. Kaka biyu aka yi haka, buhu bai taɓa dawowa wayam ba.

A kaka ta uku, ana tsakiyar cire wake, aka aiko daga Ajekoriya cewa ƙanen Ɗayyabu ba shi da lafiya. Ya ɗaure ƴan kayansa, ya yi ta nanata mata yadda za ta rufe akurki, ya tsaya a bakin ƙofa kamar mai son faɗin wani abu, sannan ya ce kwana uku zai yi, ya tafi.

Ranar farko Haula ta mai da matan inda suka je jiya. Fara ta riga ta tashi, suka dawo da ɗan abin da ba a rasa ba. Uwale ta ce, “Yau ƙawayen naki sun yi miki rowa.” Haula ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Da la'asar ta hau tudu, ta tsaya, ta kasa kunne ko za ta ji kukan shirwa ta gane gefen da yake fitowa. Iska ba ta kawo mata komai ba. Tana nan tsaye sai wasu mata biyu masu itace suka wuce ta ƙasan tudun suna hira, ɗaya tana cewa ita dai ba ta taɓa ganin fara kamar ta gonar waken nan ta hanyar Rumbu ba, har ƙasa take zube. Haula ta ji kamar an sauke mata dutse. Da magariba da aka leƙo, ta ce, “Hanyar Rumbu, gonar wake ta bayan kwari.” Har ta ƙara da cewa shirwa ta yi baƙi a wurin. Wannan ƙarin shi ya fi damunta daga baya, don ba wanda ya tambaye ta.

Suka isa gari bai gama wayewa ba. Fara kam akwai ta. Tana jikin wake, tana kan kunya, tana zube a ƙasa, manya-manya masu ƙwai. Matan suka faɗa mata da hannu bibbiyu, ana guɗa ƙasa-ƙasa, ana yi wa Haula kirari. Wata ta ce idon Inna Haula ya fi na shirwar kanta. Buhuna suka fara nauyi tun ba a kai tsakiyar gona ba. Haula na tsinta tana jin daɗi, har ta fara tunanin yadda za ta ba Ɗayyabu labari.

Rana ta fito, ta taɓa mata ƙeya, ta sauko kafaɗa. A nan ne yatsunta suka fara gaya mata wani abu. Fara in ta ji ɗumin rana takan motsa. Ta fara shure-shure, ƙayar ƙafarta ta karce maka yatsa, buhu ya ɗauki ƙara kamar ana yayyafi a kan kwano. Wannan kuwa tana kwance a tafin hannu laƙwas. Haula ta ɗaga ɗaya ta shinshina, ba ta ji komai ba sai ƙanshin ganyen wake. Ta ce a ranta wataƙila sanyin jiya ne ya yi yawa. Ta ci gaba da tsinta, amma hannun ya rage sauri.

Sai ta lura da shirun. A ce fara ta zube haka, rana ta yi wannan tsawo, ai da tuni shirwoyi sun cika wurin da kuka, suna sauka har kusa da kan mutane, inuwarsu na gilmawa a ƙasa. Ta tsaya cak, ta kasa kunne gabas, ta kasa yamma. Ba ta ji komai ba sai hirar mata da kukan wani jaki can nesa.

Gwaggonta ta taɓa gaya mata, ita ma ta gani da idonta sau biyu a rayuwa: gonar da aka yi wa feshin magani, shirwa takan ci a ranar farko, wadda ta sha da yawa ta faɗi, sauran su ƙaurace wa wurin. Ruwa ba ya tsami banza. Amma kuma kunne ba ido ba ne. Wataƙila suna can sama sun yi shiru, wataƙila iska ce ke kwashe kukan. In suna nan, farar lafiya lau ce, kuma ba ta da hujjar hana mata goma sha ɗaya abin da Allah ya ba su. In ba sa nan, wannan fara za ta shiga tukunya yau, jibi ta shiga kasuwa, yara su saya a ƙunshin takarda a ƙofar lakwal, wato makaranta.

Abu ne da ɗaga kai ɗaya zai warware. Ta ɗaga kan. Fari fat, kamar kullum.

Ta daɗe a tsaye da fara ɗaya a hannu. Ta nemi dabarar da za ta sa wata ta duba sama ba tare da ta tambaya ba, ta rasa. Ita ce fa jiya ta ce shirwa ta yi baƙi a nan. Tabarmar gindin bedi ta faɗo mata a rai, har ta ji kamar tana zaune a kai da ƴar sanda tana kora kaji. Zuciyarta ta ce ta yi shiru, wataƙila ba komai. Sai ta tuna jikar Uwale, mai zuwa kullum ta tsaya a bakin kasko tana jiran a ba ta ta farko da zafinta. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

“Uwale,” ta kira.

“Na'am, Yaya. Kin gaji ne?”

“Ɗaga kanki ki duba mini. Akwai shirwa bisa?”

Uwale ta yi dariya. “Yau kuma ni za a tambaya? Malami ya zo ɗaukar karatu wurin ɗalibi.”

“Ba wasa nike ba. Duba ki hwaɗa mini. Ni ba ni ganin sama. Shekara ukku ke nan.”

Hirar ta mutu daga wannan kunya zuwa waccan. Haula ba ta ganin fuskokinsu sosai, amma ta ji buhuna suna sauka ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa, ta ji da ƙasa za ta tsage da ta shige. Uwale ta ɗaga kai, ta juya, ta sake juyawa.

“Babu, Yaya. Ko ɗaya.”

“Ku duba gindin itace. Wanda yah hi kusa.”

Mata biyu suka nufi wata aduwa a gefen gona. Ba su daɗe ba ɗaya ta ƙwala kira. Shirwa ce a ƙasa, ta saki fukafukai, baki a buɗe, tana kallonsu ba ta iya tashi. Gaba kaɗan ga wata ta riga ta sandare. Suna cikin haka wani Bafillace mai suna Samba ya biyo da awakinsa ta bakin hanya, yana kaɗa su nesa da gonar. Da suka tambaye shi ya ce shekaranjiya da yamma mai gonar ya zo da famfo a baya ya feshe waken, shi ya sa ba ya barin bisashensa su matso.

Ba wadda ta yi gardama. Haula ta ce a haƙa rami, kada a zubar a fili kaji ko tsuntsaye su ci. Suka ari hauya a wata bukka, suka haƙa, suka juye buhu goma sha biyu, suka tattaro ta ƙasa iyakar iyawarsu, suka rufe. Haula ta sa aka ɗiba wa shirwar mai rai ruwa a ɓallin ƙwarya aka ajiye mata a inuwa. Ko ta sha, ko ta tashi, ba wanda ya sani. Suka wanke hannu da ƙasa da sauran ruwan jarka, suka kamo hanya da buhuna a naɗe a hammata.

Suka ci rabin hanya. Haula na gaba, tana jiran sannun nan mai sanyi da ta shekara uku tana gudu. Sai Uwale ta matso ta daki kafaɗarta.

“Amma ke muguwa ce, Yaya. Shekara ukku kina hawa tudu kina yi muna kallon ƙarya!”

“Na yi. Ku yahe mini. Jiya ma ba shirwa na gani ba, zancen masu itace na ji.”

“Yahiya sai kin soya muna ta gobe da manki.” Ta juya ga sauran. “Ku kuma kada in ji wadda ta buɗe baki. Mu goma sha ɗaya, ido ashirin da biyu lahiya lau, wa ta ɗaga kai? Duk mun duƙa kamar tumaki sun ga dusa. Wadda ba ta gani ita ta ga babu shirwa.”

Wata daga baya ta ce, “To Inna, gobe ina munka nuhwa?”

Sai da Haula ta share ido da bakin gyale sannan ta ce su bari Malam ya dawo tukuna, akwai maganar da za ta yi da shi.

Washegari da azahar Ɗayyabu ya dawo, ya ce jikin ƙanen nasa da sauƙi. Bai zauna ba sai da ya leƙa akurki ya ga kajinsa. Ta kawo masa fura, ta zauna a gefen tabarma, ta kwashe labari tun daga gaggafa har ramin da suka haƙa ta gaya masa. Ta kuma faɗa masa yadda ta riƙa satar hanya daga bakinsa kaka biyu, shi yana mita ita tana ɗauka. Ta jira ya yi salati.

Ya shanye furarsa, ya ajiye ludayi.

“Da na san kwana ukku za su kai ki gonar feshi, da na aiko miki ta waya,” ya ce. “Na tsaya bakin ƙohwa zan hwaɗa, na ga ba ki son a sani.”

Ta juyo gaba ɗaya. “Kana nuhin ka sani?”

“Haula, daga masallacinmu ana hango hanyar Korahane? In anka sallame la'asar, ta bayan makabarta nike zagayawa in hau tudun can na gabas, inda ba ki jin tahiyata. Ni da ban iya ƙirga shirwa ba sai don in zage ta, kin sa na koyi wadda ke shan iska da wadda ke cin abinci.”

“Tun yaushe?”

Ya kaɗe ƙuda daga bakin ƙwarya.

“Tun ranar da ta sauko tsakar gidan ga, ta ɗauki ɗan tsako gabanki, na hito da takalmi, ba ki yi mini dariya ba.”

Haula ta tuna ranar. Ta ji kukan kaza da gudun Malam, ta ɗauka kare ne ya shigo. Shekara arba'in tana yi wa mutumin nan dariya, ashe yana lissafe da ita, har ya gane ranar da babu. Daɗi da kunya suka haɗu suka cika mata ƙirji, ta yi kuka sosai, shi kuma ya ƙura wa kajinsa ido kamar bai taɓa ganinsu ba.

Salihu ya ji labari, ya bugo waya kamar yadda ta zata. Amma ba tabarma ya ambata ba. Ya ce akwai likitan ido a Maraɗi da ke cire yana, ta shirya ya zo ya ɗauke ta. Ta ce ta ji, ta gode, sai dai ya bari fara ta ƙare, don ba ta barin mata goma sha ɗaya a hannun mai kaji shi kaɗai.

Yanzu in ka bi ta bayan gari da la'asar, mutum biyu za ka gani a kan tudun. Dogon ne ke kare goshi da hannu. Gajeruwar tana gefensa riƙe da bakin rigarsa, kai a karkace, tana saurare.

“Ga su can wajen kwari, sun kai ashirin, ɓarayin banza.”

“Sama suke ko ƙasa?”

“Tsaka-tsaki.”

“Babu tsaka-tsaki wurin shirwa, Malam. Dubi wutsiyar. Tana juyawa?”

Ya ƙara kare ido, ya daɗe yana dubawa.

“Tana juyawa.”

“To mu tahi gida,” ta ce. “Yanzu matan nan za su leƙo.”